Lungunan da Kawu Ya Sani

Kawuna, yayan mahaifiyata, shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu a kan keke. Mutane ƙalilan ne suka san sunansa na gaskiya. Kan Sarki ake ce masa, wato ɗan tambarin nan da ake mannawa a kusurwar ambulan, wai don duk abin da aka haɗa da shi sai ya isa inda aka aika shi.

Unguwannin da aka ba shi ba su da lambar gida, ba su da sunan titi. Wasiƙa kan zo an rubuta a bayanta: "A ba tela mai sanƙo, bayan famfon da ba ya kawo ruwa." Ko kuma: "Gida mai shuɗiyar ƙofa, kusa da masu walda," alhali an sake wa ƙofar fenti tun shekara huɗu, masu waldar ma sun tashi. Kawu sai ya kai. Ya san wanda ya tashi da inda ya koma. Ya san lungun da ke ɓullewa da wanda ke ƙarewa a bangon wani. Kakinsa kullum a goge yake, da biro biyu a aljihun gaba, ja da shuɗi. Mutum ne mai surutu, mai son a yaba masa, kuma bai taɓa ɓoye ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ni yakan ce mini Uwata, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

Da wayar hannu ta yawaita, jakarsa ta fara ramewa. Shekarunsa na ƙarshe a gidan waya, takardun kotu da na makarantu kawai yake ɗauka, su ma ba kullum ba. Aka yi masa ritaya, aka ba shi agogon bango, ya dawo gida ya zauna. Zaman bai karɓe shi ba. Ya gyara duk ƙofar da ke ƙara a gidan, ya gyara wadda ba ta ƙara, ya shiga yi wa matarsa, wadda muke kira Anti, gyaran yadda take shanya kaya. Wata rana ta ce mini, "Don Allah ki nema wa kawunki abin yi kafin ya koya mini yadda ake tafasa ruwa."

A lokacin na gama karatun kwamfuta ina neman aiki. Kowace Asabar da safe nakan je wani aji a kwalejin horar da malamai, inda mu kusan goma sha biyar muke taruwa. Wadda ta haɗa mu malamar labarin ƙasa ce, doguwa, mai magana a hankali, mun fi kiranta Malama kawai. Akwai wata taswira a intanet da 'yan sa kai na duniya ke zanawa tare. Kowa na iya ƙara abin da ya sani a kanta, kowa na iya ɗauka ya yi amfani da ita, ba a neman izini, ba ta kowa ba ce ita kaɗai. A wannan taswirar, garinmu manyan tituna uku ne da layin dogo, sauran duk fari fat, kamar ba mutane a wurin. Aikinmu shi ne mu cike farin.

Ajin na da kwamfutoci tara, shida ke tashi. Fanka ɗaya ce, tana juyawa kamar mai jin barci. Mukan buɗe hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama, mu bi rufin gidaje muna zana layi a tsakaninsu. Matsalar ita ce daga sama ba ka sanin ko wannan duhun hanya ce ko kwata ce, ko inuwar bango. Wata Asabar muka shafe awa guda muna musu a kan lungu ɗaya. Na buga hoton a takarda na tafi da shi gidan Kawu, don dai in sami abin hira.

Ya sa tabarau, ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa. Sai ya ɗora yatsa.

"Wannan ba hanya ba ce, Uwata. Magudanar ruwa ce. Hanyar tana nan, ta ƙarƙashin rumfar mai gyaran rediyo, shi ya sa na'urarku ba ta gan ta ba. Wannan kuma da kuka zana a miƙe, wa ya ce muku a miƙe yake? Duk wanda ya bi ku zai faɗa ɗakin girkin mutane."

Ya zaro jan biro. Kafin Anti ta kawo shayi ya yi wa takardar ja-ja-wur.

Asabar ta gaba na tafi da shi. Ya sa tsohon kakinsa, ya shiga ajin kamar mai duba makarantu. Samarin suka fara ƙunshe dariya. Malama ta haska taswirar a bango, ta miƙa masa sandar nuni, ta koma ta zauna a bencin ɗalibai. Awa uku yana magana. Ba wanda ya sake dariya, sai inda shi ya ba da abin dariya.

Haka ya zama namu. Na koya masa riƙe waya mai nuna inda mutum yake tsaye, da yadda zai danna idan ya zo kwana ko gada ko famfo. Yatsunsa sun yi wa allon kauri, yakan danna abu uku a lokaci ɗaya ya ce wayar ce ba ta da tarbiyya. Amma ya koya. Ya fito da kekensa ya sa mata sabuwar taya. Da safe ya fita, da azahar ya dawo da lunguna ashirin, talatin. Mutane na buɗe masa baki saboda sun san shi. Shi ne ya kawo wa wannan takardar ɗaukar aiki, shi ne ya karanta wa waccan wasiƙar ɗanta.

Shi da Malama suka zama abokan tsokana. Takan ce, "Kan Sarki, a taswira arewa ce a sama." Yakan ce, "Malama, ni shekara talatin ban taɓa kai wasiƙa arewa ba. Hagu da dama na sani, kuma ban taɓa ɓata ba."

Wata rana wani mutum daga wata ƙasa mai nisa, wanda ba mu taɓa gani ba, ya rubuto cewa Kawu ya sa wata gadar katako a matsayin hanyar mota, ya gyara masa. Kawu ya ji haushi sosai. Ya sa ni na zauna, ya yi mini shifta da tsarin wasiƙar ofis, da kwanan wata da gaisuwa, yana sanar da mutumin cewa shi ya tsallaka gadar nan fiye da sau dubu, kuma bai taɓa ganinsa a kanta ba. Na fassara na rage zafin na aika. Mutumin ya amsa da ladabi, ya ce ba musun gadar yake ba, alamar da aka sa ce za ta sa direba ya ɗauka mota na bi. Kawu ya ce, "To, a nan yana da gaskiya." Daga nan duk wata sai ya sa na tura wa mutumin gaisuwa, yana kiransa abokina mai gada.

Cikin shekara biyu tsohon gari ya cika a taswirar. Ma'aikatan allurar rigakafi suka buga ta a manyan takardu suka raba wa junansu unguwanni. Wata ungozoma ta zo ajin da kanta ta yi godiya. Kawu ya yi mako yana ba da labarin. Abin da ya rage shi ne hayin layin dogo, sababbin unguwannin da ke tsirowa ba tsari, inda rabin mutanen garin suka koma. Nan muka shirya shiga.

A cikinmu akwai wani da muke kira Injiniya. Ya fi mu duka iya rubuta manhaja, kuma ba mugun mutum ba ne, ina so a san wannan. Shi ya ga cewa tunda yanzu akwai taswira, ana iya kafa kamfanin kai saƙo da babura: ka sayi magani ko takalmi ta waya, a kawo maka har ƙofa. Ya fara da babur huɗu da ni, ni ce ma'aikaciyarsa ta biyu. Muka shiga wata gasar sababbin kamfanoni muka ci. Muka koma wani bene mai bangon gilashi, da kujeru masu launi-launi da ba sa zaunuwa, da farin allo cike da kibiyoyi duk suna kallon sama. Kowa a benen nan yana da kamfani, kowa yana shirin canja duniya kafin ƙarshen shekara. Ni ma na yarda da haka. Karon farko ke nan da na ga mahaifiyata tana gaya wa maƙwabta inda nake aiki ba tare da an tambaye ta ba.

Sai masu zuba jari suka zo. Suka saurari Injiniya, suka yaba, sannan ɗayansu ya yi tambaya ɗaya: "Taswirar nan kowa na iya ɗauka. Gobe wani ya sayi babura ɗari ya ɗauke ta. Me kuke da shi wanda wani ba zai iya ɗauka ba?"

Bayan sun tafi Injiniya ya daɗe a tsaye gaban allo. Ya juyo ya ce mini, "Kawunki muke da shi."

Shirin shi ne kamfani ya yi tasa taswirar a rufe, ta hayin dogo, ƙofa-ƙofa, da bayanin yadda ake isa kowace. Kawu zai tattara, a ba shi albashi da muƙami. Amma sai ya sa hannu cewa duk abin da ya tattara na kamfani ne, ba zai sa shi a wani wuri ba, ba zai gaya wa kowa ba.

Ni na kai masa takardar. Na same shi a tsakar gida yana shafa wa sarƙar keke mai. Ya goge hannu, ya karanta shafi huɗun nan layi-layi, yana bi da yatsa.

"Malama ta san da wannan?"

"Za a gaya mata, Kawu."

"To su masu allura fa? Idan suka tashi shiga hayi?"

"Na ɗan lokaci ne. Da kamfani ya tsaya da ƙafarsa za mu saki komai, kowa ya ɗauka. Injiniya ya faɗa."

"Yana cikin takardar?"

"Ba ya ciki. Amma ya faɗa."

Ya dube ni ta saman tabarau. Na san wannan kallon, shi yake yi wa ambulan da aka rubuta wa adireshin da bai gamsu da shi ba. Sai ya ce, "Tunda ke kika kawo, Uwata." Ya zaro shuɗin biro ya sa hannu, sa hannun nan nasa mai lanƙwasa kamar na babban alƙali.

Ba zan ce ni kaɗai na ja shi ba. Yana so. Da aka rataya masa katin shaida a wuya, an rubuta Babban Jami'in Hanyoyi a ƙarƙashin hotonsa, har kasuwa yake zuwa da shi. Anti ta ce saura kaɗan ya shiga wanka da shi. Mutumin da aka sallama da agogon bango, ga shi yara masu digiri suna miƙewa idan ya shigo. Wa zai ƙi?

Ba a gaya wa Malama ba. Ni ce ya kamata in gaya mata, na yi ta ɗagawa. Asabar ta zo, Kawu ya shiga aji da rigar kamfani. Malama ta haska hayin dogo a bango, fari fat, ta ce, "Kan Sarki, an ce an gan ka kwana biyar a hayi. Zo ka zuba mana."

Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza katinsa. "Malama, wannan ba zan iya ba. Na sa hannu."

Ta dube shi, ta dube ni. Na sunkuyar da kai. Ta gane komai ba tare da an ƙara kalma ba.

"Hanyar ma ta zama sirri?" ta tambaya, ba da faɗa ba.

Da faɗa ta yi da ya fi sauƙi. Sanyin muryarta ne ya sa Kawu ya hau. Ya ce shekara biyu yana yawo a rana, me ya samu ban da tafi? Ya ce ita tana da aikinta da ofishinta, shi ya sa take ganin kyauta abu ne mai sauƙi. Ya ce yabo ba ya sayen tayar keke. Ya faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba.

Malama ta bari ya gama. Ta ce, "Gaskiya ne, ban taɓa tambayarka yadda kake sayen taya ba. Wannan laifina ne. Amma mutanen da za su buɗe maka ƙofa a hayi, ba kamfani za su buɗe wa ba. Allah ya ba da sa'a."

Bai sake zuwa ajin ba. Ni ma haka. A hankali sauran samarin suka watse, wannan ya kafa nasa kamfanin, wancan ya sami aiki a wani gari. Na ji an ce wata Asabar ɗin Malama ce kaɗai take zuwa, ta kunna kwamfuta ɗaya, ta yi awa biyu ta kulle.

Shekara uku Kawu ya yi a hayi, kuma shi ne aiki mafi kyau da ya taɓa yi. Ya bi unguwannin nan ƙofa-ƙofa, fiye da ƙofa dubu goma sha ɗaya. Ga kowace ya rubuta yadda ake isa da rani da yadda ake isa da damina, inda babur ke wucewa da inda sai an sauka, gidan da ke da kare, gidan da tsohuwa kurma take wanda sai an buga taga. Ya horar da masu baburanmu, yana zaune a bayansu yana dukan kafaɗa: hagu, dama, tsaya ka gaida mutane, ba a wuce majalisa a guje. Suna tsoronsa suna sonsa. Gwiwoyinsa suka fara ciwo a shekara ta biyu, bai gaya wa kowa ba. Ciwon suga ya fara taɓa idonsa a ta uku.

Sai wani babban kamfani daga waje ya shigo da babura masu yawa, yana kai kaya kusan kyauta. Masu baburansa ɓata suke yi a hayi, suna kiran mutane a waya suna tambayar hanya, amma mutane sun gwammace su fito bakin titi su karɓa da araha. Masu zuba jarinmu suka janye. Cikin wata huɗu aka kwashe kujeru masu launi, aka goge allo.

Taswirar Kawu tana ajiye a wasu kwamfutocin haya a wata ƙasa. Na je wurin Injiniya, na same shi yana zuba takardu a kwali, ya rame. Na ce, "Ka yi alkawari za a saki. Yanzu ne lokacin."

Ya ce, "Ba tawa ba ce yanzu. Tana cikin kadarorin da masu jari za su sayar. Idan na taɓa, lauyoyinsu za su bi ni, su bi ki." Bayan mako biyu ya bar ƙasar, ya sami aiki a can.

Kalmar sirrin shiga tana hannuna. Kwana tara ta yi tana aiki bayan an rufe ofis. Kwafe komai ba zai ɗauke ni rabin awa ba, ko don in ajiye a aljihun tebur har ƙura ta lafa. Sau biyu na buɗe shafin. Na tuna ni ma na sa hannu, na tuna ina neman wani aikin kuma masu jarin nan sun san kowa a garin. Na ce bari in jira in ga wanda zai saya, wataƙila mai sayen ya fi sauƙin kai. Rana ta goma kalmar ta daina aiki. Ba wanda ya saya. Masu jarin suka shiga gardama a tsakaninsu, ba wanda ya kula da hayar kwamfutocin, masu su kuma suka yi abin da dokarsu ta ce: bayan wata shida suka share komai.

Sai da na yi mako uku kafin na iya gaya wa Kawu. Yana zaune a kujerar roba a inuwa, ƙafafunsa a kan bokiti.

"An share, kamar yaya?"

"Babu ita, Kawu. Ko'ina."

"A'a, Uwata, ba ki gane ba. Ina aka ajiye? Wane ɗaki? Mu a gidan waya akwai ɗakin da ake tara abin da bai isa ba."

Na ce babu ɗaki.

Ya sauke ƙafafunsa daga kan bokitin. Sannan ya ce, "Ko wasiƙar da ba a sami mai ita ba, mayar wa wanda ya aiko ake yi. Su ba su san wanda ya aiko ba?"

Ban gaya masa maganar kwana taran ba a ranar. Sai daga baya na faɗa. Ya saurara, ya ce, "Tsoro halitta ne," ya canja magana. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Daminar da ta biyo baya ta yi ƙarfi. Kwalbatin da ke ƙarƙashin layin dogo ya toshe, ruwa ya kwana biyu a hayi, gidaje suka zube, rijiyoyi suka gurɓace, amai da gudawa suka ɓarke. Ma'aikatan lafiya suka je wurin Malama neman taswira kamar yadda suka saba. Ta buɗe musu: tsohon gari ga shi lungu-lungu, hayi kuwa fari.

Da hantsi ta yi sallama a gidan Kawu. Shekara huɗu ba su ga juna ba. Ina nan, na zo kawo masa magani. Ba ta zauna ba.

"Kan Sarki, mota na waje. Ba su san hanya ba."

A lokacin da ƙyar yake gane fuska, tafiya sai da sanda. Bai tambayi komai ba. Ya ce wa Anti ta miƙo masa takalmi. Muka ɗora shi a gaban mota, ya sa aka sauke gilashi. Ba ya gani sosai, amma yana tambaya: "Mun wuce injin niƙa? To kada ku bi dama, da damina rami ne. Ku zagaya ta bayan makaranta." Inda mota ta kasa, ya kwatanta wa ma'aikatan su ƙarasa da ƙafa, har da gidajen da ke da tsofaffin da ba za su iya fitowa ba. Motarsa ta kai ko'ina a ranar. Amma ƙungiya shida aka tura, shi kuma mutum ɗaya ne. Sauran biyar ɗin sun yi ta dawowa wuri ɗaya, wasu lungunan sai bayan kwana huɗu aka shiga. Ban san ko da taswirar na nan da ta ceci wani ba. Ba wanda zai iya faɗa. Wannan rashin sanin ne ya fi damun Kawu.

Da la'asar da aka dawo da shi, ya riƙe ƙofar mota bai sauka ba.

"Malama."

"Na'am."

"Mutanen nan ni suka ba amanar ƙofofinsu. Na kai inda ba a aike ni ba."

Ta ce, "Sauka a hankali, akwai laka. Asabar zan zo da abin naɗar magana."

Ta zo. Asabar goma sha ɗaya muka yi a tsakar gidansa, ni da ita da kwamfuta a kan tabarma, yana faɗa muna zanawa. Wasu unguwannin suna nan daram a kansa. Wasu sun cakuɗe, ya ɗauko lungun wannan ya haɗa da famfon waccan, idan muka gyara masa ya yi fushi. Ruwan ma ya canja wurin, an rushe, an sake gini a kan hanyoyi. Abin da muka ceto bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Asabar ta goma sha biyu yana asibiti. Ya rasu bayan kwana shida, da safe, Anti na riƙe da hannunsa.

Tsofaffin masu baburanmu sun zo gaisuwa, su fi ashirin, yawancinsu yanzu babban kamfanin nan suke yi wa aiki. Malama ta roƙe su su zo aji su faɗi abin da ya koya musu. Duk suka ce in sha Allah. Uku suka zo, sau biyu. Ban ga laifinsu ba, Asabar ce ranar da suka fi samun aiki.

Yanzu mu biyar ne a ajin. Ina aiki a wata ma'aikata Litinin zuwa Juma'a, Asabar in ɗauki waya in tsallaka dogo. Ba ni da saurinsa, kuma mutane ba sa sakin jiki da ni. Sai in yi yini in dawo da lungu shida.

Watan jiya, a wani lungu mai gangara, wata tsohuwa da ke tsince wake a ƙofar gida ta tsayar da ni. Ta ce ta ga ina danne-danne, ko na san wani dattijo mai kati a wuya da ya taɓa zuwa yana irin wannan aikin? Na ce kawuna ne, ya rasu. Ta yi masa addu'a mai tsawo. Ta ce ya sha ruwa a gidanta, ya gaya mata daga ranar ƙofarta ta shiga taswirar duniya, ko jikanta da ke wata ƙasa zai iya buɗe waya ya gan ta. Ta ce ta gaya wa jikan, ya duba ya duba bai gani ba, ta ce masa shi ne bai iya dubawa ba.

"Nuna mini, 'yata. In gani da idona."

Na ce ta ba ni minti biyu, intanet ɗin na da nauyi. Na juya mata baya kaɗan, na sa alamar ƙofar, na ja layin lungun daga bakin gangara har zuwa inda muke, na aika. Da ya fito na miƙa mata. Ta kawo wayar daf da fuskarta, ta daɗe tana kallon ɗan ɗigon.

"Ai na ce masa," ta ce. "Mutumin nan ba ya ƙarya."

Ta miƙo mini wayar, ta ce in shigo in sha ruwa. Na shiga.